An manta ƙyalle a cikin iyalina bayan tiyata, ina zan kai kuka a Legas?

"Assalamu alaikum Hajiya. Ni mazaunin Agege ne, hatsi nake sayarwa. Wata biyar da suka wuce aka yi wa iyalina tiyatar haihuwa a wani asibitin kuɗi kusa da mu. Yaro yana nan lafiya, amma ita tun da muka dawo gida ba ta ƙara jin daɗin jikinta ba: zazzaɓi, ciwon mara, wajen ɗinkin yana fitar da mugunya. Sau uku muna komawa, kullum sai a ce jego ne, a rubuta magani mu saya. Da abin ya ƙi ci ya ƙi cinyewa muka tafi asibitin gwamnati, aka yi hoto, aka sake buɗe ta, aka ciro ƙyallen da ake tsane jini da shi, wai tun tiyatar farko aka manta shi. Jarina ya kusa ƙarewa. Da na koma wajen mai asibitin sai ya ce ai na sa hannu kafin a yi aiki. Manya sun ce in bar wa Allah tunda ta rayu, ni kuma zuciyata ta ƙi kwanciya. Ina zan kai kuka? Sa hannun da na yi ya ɗaure ni? Kuɗina za su dawo?"

Wa'alaikumus salam, Malam. Sannu, ya mai jiki? Allah ya ƙara mata sauƙi, ya raya yaron, ya mayar maka da abin da ka kashe.

Tambayoyinka uku ne a fili: inda za ka kai kuka, ko sa hannunka ya rufe maka baki, da ko kuɗi za su dawo. Amma akwai ta huɗu da manya suka ɗora maka, wato ko wanda ya yarda da ƙaddara yana kai ƙarar likita. Zan taɓa dukansu. Sai dai ka sani ni nas ce da ta yi ritaya, ba lauya ba. Na daɗe a ɗakin tiyata a nan Legas, daga baya aka sa ni cikin kwamitin sauraron koken marasa lafiya a asibitin da na ƙare aiki. Kuma bakinka kaɗai na ji, fayil ɗin iyalinka bai zo hannuna ba, don haka a kan labarin da ka bayar zan ɗora magana.

Yadda ƙyalle ke kwana a cikin mutum

Duk tiyatar da za a buɗe ciki, ana ƙirga kaya. Kafin wuƙa ta taɓa fata, nas ɗin da ke miƙa wa likita kayan aiki da wadda ke zagayawa a ɗakin za su ƙirga ƙyallaye da allurai da almakasai da babbar murya, a rubuta. Kafin a rufe ciki a sake ƙirgawa, a ƙarshen aiki a kuma. Takardar kiyaye lafiyar wanda ake yi wa tiyata da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2008 ma ta sa wannan ƙirgar cikin abin da sai an tabbatar kafin mara lafiya ya bar ɗakin.

Ina sabuwar shiga tiyata, wani dare wajen ƙarfe biyu jini ya ɓalle wa wata mai haihuwa, aka yi ta cusa ƙyallaye don a tsayar da shi. Da aka zo rufewa, ƙirga ta ba da tara maimakon goma. Likita ya gaji tiɓis, ya ce a duba bokiti, shi zai ci gaba da ɗinki. Sistar da ke miƙa masa kaya, wata dattijuwa Bayarabiya 'yar gajeruwa, ta riƙe allurar ta ƙi miƙawa. Ni na durƙusa ina ɗaga ƙyallayen bokiti da hantsaki ɗaya bayan ɗaya, tara dai. Sai ya mayar da hannu cikin ya laluba, ya zaro na goman daga bayan mahaifa, ya sha jini har ya saje da nama. Ba wanda ya ce uffan. Ta miƙa masa allura, aka rufe.

Na ba ka wannan labarin ne don ka gane ƙwararren likita ma ido na iya yaudararsa, shi ya sa aka kafa ƙirga. In ƙyalle ya bi mace gida, to ko dai ba a ƙirga ba, ko an ƙirga ba daidai ba, ko an ga giɓi an kawar da kai. Dalilan da ke jawo haka sanannu ne: ƙaramin asibiti mai likita ɗaya da 'yan taimako da suka koyi aikin a hannu suna sanye da farin kaya, aikin gaggawa cikin dare, wuta ta ɗauke, ƙwararrun ma'aikata sun tafi ƙasar waje. Duk wannan yana bayyana yadda abin ya faru, amma ba ya wanke kowa.

A wajena ma, mantuwar ba ita ce babban laifin ba. Komawar nan uku da kuka yi ta fi ta nauyi. Matar da aka yi wa tiyata ta zo da zazzaɓi da mugunya makonni bayan aiki, sau ɗaya, sau biyu, sau uku, ba a sallame ta da "jego ne". Hoto ake tura ta, ko a miƙa ta babban asibiti. Kada ka bar wannan a baya in ka zo rubuta kokenka.

Sa hannun da ka yi

Bai ɗaure ka ba. Takardar amincewa da tiyata tana nufin an yi wa mutum bayanin aikin da haɗarin da aka san yana tare da shi ko da an bi ƙa'ida, kamar zubar jini, ko ciwo ya kama ruwa, ko matsalar maganin barci, shi kuma ya yarda. Ba wanda ke sa hannu a kan a manta masa kaya a ciki. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014, a sashe na 23, ta ce a yi wa mara lafiya bayani gwargwadon hali da harshen da yake ji, a kuma lura da iya karatunsa. In takardar Turanci aka turo maka a baranda aka nuna maka layi da biro, ba wanda ya fassara, wannan ma abin rubutawa ne.

Akwai kuma abin da maza ba su cika son ji ba. A asibitocinmu an saba kiran miji ya sa hannu, amma mara lafiyar ita ce mai haƙƙi. Jikin nata ne, fayil ɗin nata ne, sirrin da ke ciki nata ne, kuma doka ta hana asibiti buɗe shi ga wani ba da izininta ba. Saboda haka duk wasiƙar da za ku rubuta ta fita da sunanta, ta sa hannu ko ta dangwala, ko ta rubuta layi biyu cewa ta wakilta ka. In ba haka ba, da wannan za a fara korar ka daga bakin tebur. Ka kuma zauna da ita ka ji me take so. Wata so take a biya kuɗi a wuce wajen, wata so take likitan ya dube ta ya ce ya yi kuskure.

Takarda kafin kuka

Abin da ke kayar da mutanenmu na Agege da Mile 12 da Alaba Rago da Idi-Araba ba rashin gaskiya ba ne, rashin takarda ne. Mun iya ɗaga murya a bakin ƙofa, a taru, a ba mu haƙuri, mu koma gida, shi ke nan magana ta bi iska. A kwamitinmu, abin da ba a rubuce yake ba ko teburinmu ba ya hawa. Na tuna wata mata mai sayar da abinci da ta zo koke a kan jinyar mahaifinta, riƙe da littafin makaranta na ɗanta. 'Yarta ta rubuta mata komai: ranar kaza ƙarfe kaza aka kira nas ba ta zo ba sai ƙarfe kaza, ga rasit an lanƙwasa a tsakanin shafi. Ba ta jin Turanci, tafinta aka nemo mata. Amma da muka ɗora littafin nan kusa da fayil ɗin ɗakin, ba wanda ya iya musu.

Don haka kafin ka je ko'ina, ka koma asibitin gwamnatin da ya ciro ƙyallen ku nemi rahoton likita. Akan biya wani abu, kuma yakan ɗauki kwanaki. Likitoci ba sa son rubuta abin da zai ja wa ɗan'uwansu, don haka kada ka ce musu su rubuta cewa wane ya yi sakaci. Ka ce su rubuta abin da suka gani: ranar da ta zo, abin da hoto ya nuna, abin da aka ciro, daga ina. Wannan takardar ita ce ƙashin bayan maganarka. Ka haɗa da sakamakon hoton, da katunan asibitocin biyu, da rasit, da takardun maganin da aka rubuta muku a komawar nan uku. Inda ba a ba ka rasit ba, alat ɗin banki ko ɗan tikitin mai POS yana aiki. Yau da dare ku zauna ku jera ranaku tun daga naƙuda, tun kafin su fara cakuɗe muku.

Sannan ku rubuta wa asibitin farko kuna neman kwafin fayil ɗinta, har da bayanin tiyatar da takardar ƙirgar kaya. Kundin haƙƙoƙin marasa lafiya da aka ƙaddamar a 2018 ya ambaci haƙƙin mara lafiya na samun bayanan jinyarsa, da haƙƙinsa na kokawa. Ku yi wasiƙar kwafi biyu, a buga wa naku hatimi da kwanan wata. In sun ƙi karɓa, ku aika ta kamfanin kai saƙo ku riƙe rasit. Ku nemi fayil ɗin tun kafin ku ambaci hukuma ko lauya, domin fayil yana da halin ɓata, ko ya tsiro da sabon shafi, da zarar an ji ƙamshin shari'a. In kuma sun ƙi bayarwa, ƙin nasu ma shaida ce.

Tambaya ɗaya da za a yi muku, gara ku shirya mata: an taɓa buɗe cikinta a wani wuri kafin wannan? In an taɓa, mai asibitin zai ce ƙyallen ba nasa ba ne. In ba a taɓa ba, ku rubuta haka ɓaro-ɓaro.

Kowace ƙofa da abin da take bayarwa

Nan ne mutane ke ɓata shekara suna ƙwanƙwasa inda ba a ajiye abin da suke nema ba. Koke a kan asibitin daban, a kan likitan daban, neman kuɗi daban.

Ka fara da asibitin da kansa, a rubuce. Sashe na 30 na dokar 2014 ya ba kowa damar kokawa kan yadda aka yi da shi a asibiti, a kuma bincika. Shafi ɗaya ko biyu ya isa, da Turanci, ko da ɗalibi za ka samu ya rubuta muku ya karanta muku da Hausa. Ba zagi, ba Allah ya isa. Abin da ya faru da ranakunsa, kwafin shaidu, abin da kuke nema da adadinsa, da wa'adin mako biyu. Kada ka ba kowa asalin takarda, fotokwafi kawai.

A kan asibitin, HEFAMAA ce. Ita ce hukumar jihar Legas da ke yi wa asibitoci rajista da sa musu ido, an kafa ta ƙarƙashin dokar gyaran harkar lafiya ta jihar ta 2006, tana Ikeja. Za ta duba ko asibitin yana da rajista, ko yana da ma'aikata da kayan da suka isa a yi tiyata, kuma tana da ikon garƙame shi. Wani lokaci a nan ake gano wanda ya yi aikin ma ba likita ba ne. In haka ta fito, magana ta zama ta 'yan sanda. In ba haka ba, ban ba ka shawarar farawa da caji ofis ba, don ɗan sanda ba shi da ma'aunin aikin tiyata, kuma sau da yawa abin yakan ƙare a ciniki.

A kan likitan, hukumar likitoci ta ƙasa ce, MDCN, mai hedikwata a Abuja. Ita ba ta karɓar koke da wasiƙa kawai, sai da takardar rantsuwa, afidabit, wadda za a rantse a kanta a rajistar kotu. Kwamitin bincikenta zai aika wa likitan ya ba da amsa, in an ga akwai abin tuhuma a tura kotun ladabtarwarta, wadda ke iya yi masa gargaɗi, ko dakatar da shi har wata shida, ko soke sunansa daga rajista. In bai yarda ba, Kotun Ɗaukaka Ƙara zai nufa. Hanya ce mai tsawo, tana iya cin shekaru, kuma ko sisi ba ta yanke wa mai koke. Amfaninta shi ne wata matar ta tsira, kuma hukuncinta yana ƙara wa maganarka nauyi a wani wurin. Nas-nas da ungozomomi su ma suna da tasu hukumar, can ake kai wanda ya yi wasa da ƙirga.

Kuɗi kuwa, ko sulhu ko kotu. Ma'aikatar Shari'a ta jihar Legas tana da cibiyar sasanta jama'a da ke zama kyauta, mai rassa a unguwanni da dama, tana kuma da ofishin lauyoyin talakawa, OPD, da ke tsaya wa marasa hali. Hukumomin kare masu sayen kaya da hidima, LASCOPA ta jiha da FCCPC ta tarayya, su ma suna karɓar koke a kan asibiti. Shari'ar sakacin likita a Najeriya tana da wuya, domin galibi sai an samu wani likitan ya tsaya ya ce an kauce wa ƙa'ida. Amma irin taku tana cikin masu sauƙin fahimta, tunda ƙyallen da kansa shaida ne, mai asibitin ne zai sha wahalar bayanin yadda ya shiga. Shi ya sa da yawansu, in suka ga rahoto a hannu da hatimi a wasiƙa, sai murya ta sauka.

Lokaci yana tafiya. A Legas, ƙarar raunin da sakaci ya jawo shekara uku ce wa'adinta. Da asibitin gwamnati ne ma, dokar kare jami'an gwamnati tana iya taƙaita shi zuwa wata uku, shi ya sa wannan ɓangaren sai ka ji daga bakin lauya, kuma da wuri.

Kuɗinka za su dawo? Ba zan yi maka alƙawari ba. Abin da na fi gani yana yiwuwa shi ne a mayar da kuɗin tiyatar farko da na ta biyu da magunguna ta hanyar sulhu. Diyyar wahalar da ta sha sai kotu, da haƙuri mai yawa. In da ɗana ne kai, zan ce ka haɗa takardu, ka rubuta wa asibitin, ka kai kwafi HEFAMAA a makon, ka je OPD, sannan ku yanke shawara a kan MDCN. In an zo zaman sulhu, ka tafi da dattijo, ko daga fadar Sarkin Hausawa ko limaminku, yana sanyaya wuri. Amma duk abin da aka amince a rubuta, kuma kada ka sa hannu a takardar da ta ce kun janye komai sai lauya ya karanta. Facebook kuma ka ɗaga masa ƙafa. An sha kama mutane da dokar laifukan intanet ta 2015 a kan abin da suka wallafa, sai mai gaskiya ya koma neman beli.

Tunda ba kai kaɗai za ka karanta wannan ba, bari in ɗan ratse. Wanda kokensa a kan asibitin tarayya ne, irin su asibitin koyarwa na Jami'ar Legas, LUTH, da na ƙashi na Igbobi da na ƙwaƙwalwa na Yaba, ya nemi teburin karɓar koke na SERVICOM a cikin asibitin. Na jiha, shugaban asibitin ake fara rubuta wa, sannan Ma'aikatar Lafiya a Alausa. Akwai kuma Hukumar Karɓar Koke-koken Jama'a, wadda ke nan tun 1975, kyauta take aiki, amma ba ta son magana ta wuce shekara. Wanda aka ƙi duba shi cikin gaggawa sai ya ajiye kafin alƙalami, sashe na 20 na dokar 2014 ya haramta hakan, da tarar naira 100,000 ko ɗaurin da bai wuce wata shida ba, ko duka biyun. Mai buƙata ta musamman da aka wulaƙanta, kurma ko makaho ko mai keken guragu, yana da LASODA, ofishin jiha mai kula da masu buƙata ta musamman, da dokar tarayya ta hana wariya da aka sa wa hannu a Janairun 2019. Mai lalurar ƙwaƙwalwa ma yanzu yana da sabuwar doka tun Janairun 2023, wadda ta maye gurbin tsohuwar ta 1958. Kokensa koke ne, kada a ce ciwon ne ke magana.

Maganar manya

Ba su yi ƙarya ba, abin da ya same ta rubutacce ne. Amma mu ɗin nan, in direban tirela ya jiƙa maka buhunan masara saboda bai ɗaura tamfol ba, ba ka cewa ƙaddara ce ka juya, shugaban kasuwa kake nema. Malaman fiƙihu sun daɗe da yin magana a kan lamunin mai magani, wato biyan diyya, in ya yi ganganci, ka tambayi limaminku zai faɗa maka fiye da ni. Abin da manya ke tsoro na gane shi: mu baƙi ne a Kurmi, ba ma son abin da zai ja mana ido. To wasiƙa mai hatimi ba rigima ba ce, ta ma fi taron bakin ƙofa lafiya. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. In daga baya kun ga dama ku yafe, haƙƙinku ne, amma yafiyar da aka yi bayan an amsa laifi daban take da wadda aka yi don ba a san hanya ba. Kuma yau ɗin nan akwai wata matar da ke kwance a kan gadon nan.

Cikin wannan zirga-zirgar kada mai jego ta koma gefe. An buɗe cikinta sau biyu cikin 'yan watanni, ga shayarwa. Ta riƙa zuwa duk ranar da asibitin gwamnatin ya sa mata, in zazzaɓi ko amai ko kumburin ciki ya taso ku koma a ranar. In ka ga ta yawaita kuka, ko barci ya ƙaurace mata, ko ba ta son a ambaci asibiti, ka faɗa wa likitanta, ana duba wannan ma. Ku tambaye shi tsawon hutun da mahaifarta ke buƙata kafin wani cikin. Rahoton tiyatar nan ta biyu kuma ku yi masa kwafi na daban ku sa a leda, ranar da Allah ya kawo wani rabon shi za ta fara miƙa wa nas a wajen awo, kuma a babban asibiti mai ɗakin tiyata da ma'ajiyar jini za ta haihu.